Kafin ka yarda a yi wa memorin rikodarka fomat



Duk wanda ya taɓa zama a bencin masu gyaran waya a titin Beirut, ko ya leƙa shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, ya san wannan magana: "Memorin nan sai an yi masa fomat." Ana faɗinta cikin sauƙi kamar mai shayi yana tambayar ko a ƙara sukari. Mai memori ya gyaɗa kai, a danna, cikin daƙiƙa biyar a miƙo masa abinsa yana aiki garau. A rabu ana godiya. Sai an koma gida ake tuna abin da ke ciki.

Idan waƙoƙi ne da finafinai, da sauƙi, gobe ma 'yan tura-tura suna nan. Memorin rikoda kuwa daban yake, domin abin da ke cikinsa sau ɗaya ya faru: hirar ɗan jarida da mutumin da ba zai sake ba shi lokaci ba, tambayoyin da ɗalibar Jami'ar Bayero ta yi tattaki har ƙauye ta yi saboda kundin kammala karatu, tafsirin azumin bana a masallacin unguwa, atisayen mawaƙan coci a Sabon Gari. Babu inda za a je a sake sauko da su.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, memorin rikoda da ya ba da matsala kwafe shi ake fara yi kafin a taɓa shi da sunan gyara. Ya kamata mu daina karɓar fomat a matsayin amsar farko, da mu masu kai gyara da su masu gyaran. Ni ba injiniyan lantarki ba ne. Sakandare na gama, na koyi rubuta manhaja da kaina a kan wata tsohuwar laptop. Amma wannan darasi a gidanmu na koye shi, kuma da tsada.

Abin da ya faru a gidanmu

Kakanmu na wajen uba a Fagge aka haife shi, a Kantin Kwari ya tsufa yana sayar da yadi. Da jikinsa ya fara rauni, sai Baffa ya sayo wata ƙaramar rikoda, ya riƙa zama da shi bayan sallar isha'i yana yi masa tambayoyi. Zama goma sha ɗaya suka yi, kowanne kusan awa guda. Zaman farko na asali ne: sunayen kakanni, wa ya haifi wa, daga ina aka taso har aka sauka a Fagge. Sauran kuma labarin kasuwa ne, da aure, da aikin hajji, da wasu rigingimun gado da aka sasanta tun ba a haife mu ba.

Allah Ya yi masa rasuwa. Ana gobe sadakar arba'in, ƙanena ya zare memorin daga rikodar ya sa a wayarsa, don ya tura wa 'yan'uwa na nesa ta WhatsApp. Wayar ta ce memorin yana da matsala, tana neman izinin yi masa fomat. Yaron ya yi hankali, bai danna ba. Ya ɗauka ya kai wani shago a Sabon Gari. Yaron shagon ya sa a laptop, ita ma ta nemi a yi fomat, ya danna mata. Sannan don kyautatawa ya zuba masa karatu da waƙoƙi na sama da giga biyu kyauta, wai kada memori ya tafi wayam.

Da daddare Baffa ya kira ni soro, ya ajiye memorin a tafin hannuna.

"Ɗana, kai ne mai ilimin kwamfuta a gidan nan. Muryar Alhaji tana ciki ko ta tafi?"

Na ce, "Baffa, ku ba ni kwana biyu. Amma don Allah kada kowa ya sake sa shi a wani abu."

Na dawo da zama bakwai cif, da rabin na huɗu. Ukun farko sun tafi har abada, har da na asali. Kuma fomat ɗin bai cinye su ba, kyautar waƙoƙin ce ta cinye su. Da a ce bayan fomat an miƙo wa ƙanena memorin wayam, da wataƙila duka goma sha ɗayan na dawo da su. Da kuma ba a yi fomat ɗin ba tun farko, da har sunayen fayilolin da ranakunsu ana iya samu.

Me fomat yake yi a zahiri

Ka ɗauki memori kamar sito a Kwari. Akwai diloli a jibge, akwai kuma littafin da yaron shago ke rubuta wace dila ce a wane lungu. Waya ko kwamfuta ba ta shiga sito ta lalubo kaya, littafin take dubawa. Idan littafin ya jiƙe ko shafi ya yage, sai ta ce ba ta gane komai ba, a kawo sabon littafi. Wannan sabon littafin shi ne fomat na gaggawa, wanda Windows ke zaɓa maka tun farko da sunan Quick Format. Littafi ne fari fat da ke cewa sito babu kowa, alhali diloli suna nan inda suke. Shi ya sa yake gamawa cikin daƙiƙoƙi. Ba zai yiwu a bi giga 32 ana rubutu a kai cikin daƙiƙa biyar ba.

Haɗarin yana zuwa ne da kaya na gaba. Tunda littafi ya ce babu kowa, duk sabon fayil da aka zuba zai hau kan tsoho, kuma yawanci daga farkon memori ake farawa. Abin da aka fara ɗauka shi ake fara takewa. Awa guda ta sautin WAV a matakin faifan CD tana cin kusan mega 635. Zama uku kusan giga biyu ke nan. Ka ga yadda lissafin ya faɗa daidai kan zaman Alhaji na farko, da na biyu, da na uku, ya gutsuri na huɗu.

Akwai kuma fomat mai gaba ɗaya. Tun daga Windows Vista, idan ka cire alamar gaggawar nan, kwamfuta tana bin memorin daga farko har ƙarshe tana rubuta sifili a ko'ina. Wannan babu manhajar da za ta dawo da shi. Wasu wayoyi da kyamarori ma, idan suka yi fomat, suna aika wa memorin umarnin ya share kansa daga ciki, shi ma sakamakon ɗaya ne. Mafi muni shi ne zaɓin da Android ta shigo da shi a 2015, na mayar da memori ya zama ɓangaren ma'ajiyar cikin waya. Idan ka zaɓi wannan, wayar za ta yi masa fomat, ta kuma kulle shi da mabuɗin da ita kaɗai ta sani. Rikoda ba za ta ƙara karanta shi ba, kwamfuta ma haka, sai an sake wani fomat ɗin.

Saboda haka idan na'ura ta ce maka "a yi fomat", abin da take nufi kawai shi ne ta kasa karanta littafin. Ba ta ce diloli sun ƙone ba. Memorin Baffa daga baya na gwada shi daga farko har ƙarshe, lafiyarsa ƙalau, har yau yana aiki.

Yadda ya kamata a bi

Abu na farko shi ne tsayawa. Kada ka ɗauki sabon sauti a kai, kada ka yi ta zagaya wayoyin abokai kana gwadawa. Kowace wayar Android da ka sa shi a ciki tana ƙirƙirar foldodinta a kai ba tare da ta tambaye ka ba, kuma wannan ma rubutu ne. Idan ƙaramin memori ne, sa shi a gidansa, wato babban katin nan da ake sayar da su tare, ka ja ɗan makullin gefensa ƙasa. Yawancin kad rida suna girmama makullin, ba za su bari a rubuta komai ba.

Na biyu, a ɗauki hoton memorin baki ɗaya zuwa kwamfuta. Ba kwafin fayiloli nake nufi ba, tunda su ba a ganin su. Ina nufin a karanta kowane lungu na memorin a zuba shi cikin fayil guda mai girman memorin. A Windows akwai Win32 Disk Imager, a Linux akwai ddrescue, wanda idan ya tarar da wurin da ya ƙi karantuwa yakan tsallake ya kwashe mai sauƙi tukuna, sannan ya dawo. Duk kyauta ne. Da zarar hoton ya samu, ka zare memorin ka ajiye a ambulan. Duk gwajin da za ka yi, a kan hoton za ka yi. Idan ka yi kuskure, ka sake kwafar hoton ka fara daga farko.

Na uku, neman kayan. Ni PhotoRec na yi amfani da ita, manhajar kyauta da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, tana zuwa tare da 'yar'uwarta TestDisk. Kada sunan ya ruɗe ka, ba hotuna kaɗai take nema ba. Ita ba ruwanta da littafi, sito take shiga tana duba bakin kowace dila. Fayil ɗin WAV da haruffan RIFF yake farawa, da ta gan su ta san ga sauti nan. Abin da za ka rasa shi ne sunaye, domin za ta ba ka fayiloli masu lambobi, sai ka saurara ɗaya bayan ɗaya ka sake raɗa musu suna. Idan gogewa aka yi bisa kuskure ba fomat ba, TestDisk ko Recuva sukan dawo da fayil har da sunansa. Ko wacce ka ɗauka, doka ɗaya ce: abin da aka ceto a kwamfuta ake ajiye shi, ba a kan memorin da ake ceto daga gare shi ba.

Kada ka ɓata datarka wajen sauko da manhajojin Play Store masu alkawarin dawo da komai. Android ba ta barin manhaja ta karanta memori lungu-lungu sai a wayar da aka yi wa rutin. Abin da yawancinsu ke nuna maka ƙananan hotunan da wayar ta ɓoye ne, sai tallace-tallace. Wannan aiki na kwamfuta ne da kad rida. Haka kuma idan Windows ta ce ka bari ta duba ta gyara memorin, ka ce a'a har sai ka ɗauki hoto. Gyaranta rubutu ne a kan littafin da ya riga ya yage, wani lokaci ta yayyanka dogon sauti ta tara shi a wata folda da sunaye marasa ma'ana.

Matsaloli biyu da ba sa bukatar fomat ko kaɗan

Ta farko ita ce mutuwar batir ana tsakiyar ɗauka. Fayil ɗin WAV yana da ɗan gajeren kai a farkonsa, inda ake rubuta tsawon sautin. Rikoda ba ta san tsawon ba sai ka danna tsayawa, a lokacin take komawa ta cike gurbin. Idan batir ya mutu kafin nan, ko ka zare memori fitilar ɗauka tana ci, sai ka ga fayil ya ƙi buɗuwa ko yana nuna sifili. Sau da yawa sautin yana nan. Manhajar Audacity, ita ma kyauta, tana iya shigo da ɗanyen sauti ba tare da kai ba, kai ne za ka gaya mata matakin da aka ɗauka da shi, misali 44,100 ko 48,000, bit 16 ko 24, kunne ɗaya ko biyu. Idan ka ji shuuu kawai, saitin ne bai dace ba, canza ka sake. Ta wannan hanya na ciro rabin zama na huɗu daga cikin hoton memorin Baffa, bayan waƙa ta take kansa.

Ta biyu ita ce bairos ɗin nan da ke yawo a kwamfutocin tura waƙa da shagunan buga takardu, mai ɓoye foldodi ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Mutum ya ga foldarsa ta ɓace, amma memori yana nuna a cike yake. Wannan cikar ita ce shaidar kayanka suna nan. A kwamfuta mai tsabta, umarni guda na attrib yana cire musu lulluɓin su bayyana, ka kwashe abinka. Na sha ganin an yi wa irin wannan memori fomat, alhali ko minti biyu aikin bai kai ba.

Namu laifin, mu masu saye

Ba zan ɗora wa masu shago komai ba. Mu ma muna son banza. Mutum zai sayi rikoda da kuɗi masu kauri, sannan ya tsaya a bakin titi ya sayi memorin da aka rubuta giga 64 a jikinsa a farashin da ko na giga 8 na gaske bai kai ba. Jabun memori ba suna kawai ake sata ba. Ana sauya ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ta riƙa faɗa wa na'ura girman ƙarya. Rikoda za ta yarda, ta nuna maka kana da awa ɗari. Idan ainihin girmansa giga 8 ne, awa goma sha biyu na farko za su zauna lafiya, har ka saki jiki. Abin da ya biyo baya ko dai ya tafi iska, ko ya zagayo ya hau kan na farko. Sunan fayil yana nan, girmansa yana nan, ka buɗe ka ji shiru. Wannan babu PhotoRec ɗin da za ta yi maka magani, tunda ba a taɓa rubuta sautin a ko'ina ba.

Gwajinsa ba wuya. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac, tana cika memori wayam da bayanai har baki, sannan ta karanta ta ga ko abin da ta zuba shi ta tarar. Yakan ɗauki awa guda ko fiye. Ka yi wannan ranar da ka saya, kafin ka ɗauki ko da tari a kai. Idan ya faɗi, ka mayar tun rasit bai bushe ba.

Sannan rikoda ba ta bukatar ƙaton memori. Na giga 32 yana ɗaukar kusan awa 50 na WAV a matakin CD, ko sama da awa 500 na MP3 a mataki 128. Gudu ma ba matsala ba ne, domin irin wannan sauti bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mega a daƙiƙa ba, memori mai lamba 10 a cikin da'ira kuwa yana rubuta aƙalla mega 10. Kuma girman yana da alaƙa da tsarin littafin. Memori daga sama da giga 2 zuwa 32 ajin SDHC ne, da tsarin FAT32 yake zuwa. Wanda ya haura haka ajin SDXC ne, da tsarin exFAT. Zoom H1n, wadda 'yan jarida da masu fodkas ke yawan riƙewa, iyakarta giga 32. Tascam DR-05X tana karɓar har 128. Idan ka sa wa rikoda abin da ba ta sani ba, za ta ce memori ya lalace alhali sabo ne dal. Duba takardar rikodarka kafin ka je kasuwa. Ni a ganina ƙanana biyu na gaske sun fi ƙato ɗaya, ko ba komai idan ɗaya ya tafi ba duka ka rasa ba.

To, yaushe ake fomat?

Kada a ce na haramta fomat. Ina yin sa kusan duk mako. Abin da nake ja a kai shi ne lokacinsa da wurinsa. Lokacinsa shi ne bayan ka kwashe sautin zuwa wuri biyu, ka kuma buɗe kwafin ka saurari farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Wurinsa kuma cikin rikodar kanta, daga jerin saitinta. Ita ta san tsarin da take so, ita za ta gina foldodinta. Windows ma a akwatin fomat ɗinta na yau da kullum ba ta ba ka zaɓin FAT32 idan memori ya wuce giga 32. Idan dole sai a kwamfuta, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin katin SD, wadda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a 2000, tana da manhajarta ta kyauta mai suna SD Memory Card Formatter. Yi da ita, sannan ka sake yi a rikoda.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Memorin da rikoda kaɗai ke amfani da shi, ana yi masa fomat bayan kowane kwashewa, sautinsa a jere yake kwanciya, fayil bayan fayil. Irin wannan shi ya fi sauƙin ceto. Wanda kuwa yau yana waya, gobe yana rediyon mota, jibi yana rikoda, ana gogewa ana ƙarawa, dogon sauti a kansa gutsi-gutsi yake warwatsuwa a guraben da aka bari. Ranar da littafi ya yage, PhotoRec za ta samo kan fayil ɗin, ta bi shi, ta faɗa cikin waƙar wani. Abin da ya ceci zama bakwai na Alhaji shi ne Baffa bai taɓa sa memorin a wani abu ba sai rikodar. Don haka memorin rikoda na rikoda ne. Idan kana son turawa ta waya, kwafa zuwa kwamfuta ko ka haɗa rikodar da waya ta kebul, ka bar memori a mazauninsa.

Kuma memori ba wurin ajiya na shekaru ba ne. Caji ne ƙanƙane ke riƙe da bayanan da ke cikinsa, yana zurarewa a hankali idan an jima ba a sa shi a wuta ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ka tuna yadda aljihun mota yake a watan Afrilu a Kano. Google tana ba kowane asusu giga 15 kyauta. Telegram da WhatsApp suna karɓar fayil har giga 2 idan ka tura shi a matsayin takarda, kuma ba sa rage masa inganci. Kwafi ɗaya a laptop, ɗaya a intanet ko a gidan wani ɗan'uwa. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sa bukatar a yi musu bayanin dalilin raba wurin ajiya.

Uzurin masu shago

Na zauna da abokaina masu gyara, na san abin da za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutum ya zo a tsaye, ɗan adaidaita yana jiransa, yana son memori ya yi aiki yanzu-yanzu, kuma abin da zai biya bai kai kuɗin cajin laptop a janareta ba. Ɗaukar hoton giga 32 da bincikensa aikin awanni ne. Cikin masu zuwa kuma mafi yawa waƙoƙi ne a memorinsu, fomat ɗin shi ne daidai da bukatarsu. Wa zai tsaya dogon bincike saboda mutum ɗaya?

Amsata ita ce ba a ce a yi wa kowa dogon aiki ba. Tambaya ɗaya ake nema kafin a danna: "Malam, me ke ciki, kuma kana da shi a wani wuri?" Ba ta cin ko sisi. Idan ya ce waƙoƙi ne, bismillah. Idan ya ce muryar mahaifinsa ce, ko aikin makaranta, sai a ce masa wannan aikin ceto ne, kuɗinsa daban, ya dawo gobe. Wanda bai iya ba ya ce bai iya ba, ya tura shi gaba. Yaron da ya yi wa ƙanena aiki ba mugu ba ne, har kyauta ya yi masa. Ba a koya masa tambayar ba ne kawai, kuma wannan nauyin iyayen gidansa ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya. Ta fuskar ciniki ma riba ce. Manhajojin kyauta ne, abin da ake bukata laptop mai sarari da kad rida mai kyau da haƙuri. Mutumin da ka dawo masa da muryar mahaifinsa ba zai yi maka cinikin naira ɗari ba, kuma duk danginsa wurinka za su zo. Mu ma masu kai gyara sai mu yarda mu biya kuɗin awannin, mu daina tsayawa a kan mutum muna cewa ya yi sauri.

Sai dai sana'ar tana zuwa da amana. Wanda ya iya dawo da abin da aka goge zai ga abin da mai shi ya ɗauka ya tafi. Mai gyara ya miƙa abin da aka nema, ya goge hoton memorin a gaban mai shi. Kai ma idan za ka sayar da rikoda ko ka ba wani aron memori, ka sani fomat na gaggawa bai share hirarrakinka ba. A nan ne fomat mai gaba ɗaya yake da amfani, wanda ke bin ko'ina yana rubutu a kai.

Akwai kuma inda duk dabara take ƙarewa. Idan kwamfuta ba ta ma ga an sa wani abu ba a kad rida biyu ko uku, ko memori ya tsage, ko yana zafi da an sa shi, wannan ya wuce manhaja. Mai gaskiya zai faɗa maka haka. Idan kuma memori ya koma ana karantawa amma ba ya karɓar rubutu ko gogewa, sau da yawa alamar ya tsufa ne ya kulle kansa. Kwashe kayanka a ranar, ka sayi wani.

Zaman Alhaji bakwai da rabi yanzu suna laptop ɗina, suna asusun intanet, suna kuma wayar gwaggonmu a Zariya. Sunayen kakannin da ke zaman farko, Baffa ya zagaya wurin tsofaffin dangi ya harhaɗa abin da ya samu a takarda, amma akwai guraben da har yau babu wanda ya cike. Idan kana da rikoda a gida, ko wani memori a cikin durowa da muryar wani naka a kai, daren yau ka kwafe shi zuwa wuri biyu. Idan kuma wata rana na'ura ta nemi izinin fomat, ka zare shi, ka nannaɗe a takarda, ka nemi wanda zai fara ɗaukar hotonsa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.